Ƙarar mota idan an taka totur: Wacce ake lallaɓawa da ita, wacce ake kashe injin nan take?

A garejin gyaran mota, babu kalmar da ke kaɗa hantar mai mota kamar “nokin”. Da zarar bakanike ya furta ta, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne injin ya tashi daga aiki, sai ya shiga lissafin kuɗin wani a Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas.

Sai dai ƙarar ƙwanƙwasa da mota ke yi idan an taka totur ba iri ɗaya ba ce, kuma ba daga wuri ɗaya take fitowa ba. Akwai wadda fetur ne ya jawo ta, ana sauya gidan mai ta ɓace. Akwai wadda wata ’yar roba ce ta yage a ƙarƙashin mota. Akwai kuma wadda idan direba ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa gida, ƙarfe zai huda jikin injin kafin ya kai.

Dukansu “ƙara” direba yake ce musu, kuma a kan dukansu akan ji amsa ɗaya daga bakin wasu makanikai: “Alhaji, sai an sauke injin an gani.”

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, domin galibinsu daga waje ake shigo da su. Ga direban haya, sauke injin ba kuɗin gyara kaɗai ba ne. Har da kwanakin da motar za ta yi a gareji, ba balas, ba cefane. Shi ya sa gane irin ƙarar kafin a ɗora sifana a kan noti ya zama rabin gyaran.

A tsaye take yi ko sai ana tafiya?

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A tsayar da mota a fili, a ja hambirki, a sa giya a firi, ko a P idan atomatik ce, sannan a taka totur a hankali a saki, ana saurare.

Idan ƙarar ta fito alhali motar na tsaye, kuma tana ƙara sauri yadda injin ke ƙara gudu, to daga cikin injin take ko daga wani abu da ke manne da shi. Idan kuwa shiru aka ji, sai an sa giya an fara tafiya take fitowa, zargi ya rabu gida biyu: ko dai yadda fetur ke ƙonewa lokacin da injin ke jan nauyi, ko kuma kayan da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyi.

Bakaniken da ya san aikinsa zai yi ta jero tambayoyi kafin ma ya buɗe bonet. Da safe take yi ko sai injin ya yi zafi? Sau ɗaya take bugawa ko a jere? Tana sauyawa idan an karya sitiyari? Yaushe aka yi juyen baƙin mai? A ina aka sha fetur na ƙarshe?

Da yake mota tana da halin yaron da ke warkewa a ƙofar asibiti, takan yi tsit da zarar an kai ta gareji. Maganin wannan yana aljihun kowa: wanda ke zaune kusa da direba ya ɗauki ƙarar da waya lokacin da take yi, a kuma lura da giyar da ake ciki da inda allurar zafi take.

Kamar tsakuwa a gwangwani

Ƙarar da aka fi yawan ji idan an taka totur siririya ce, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Takan fito a hawan gadar sama, ko a tudu irin Hawan Kibo da ke hanyar Jos, ko idan mota ta cika da mutane da kaya an kunna AC, ko lokacin da direba ya danna totur zai wuce tirela. Ana ɗaga ƙafa take ɗaukewa.

Wannan ba ƙarfe ne ya saki ba. Wuta ce ke tashi ba bisa ƙa’ida ba.

A cikin kowace silinda, fistin yana matse iska da fetur har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu a yawancin motocin fetur na yanzu. Daga nan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama daga bakinsa ta bazu a hankali zuwa gefe, tana tura fistin ƙasa. Turi fistin yake so, ba duka ba.

Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗar da wutar ba ta kai gare ta ba sai ta fashe da kanta, lokaci guda. Girgizar wannan fashewa ce ke dukan bangon silinda da kan fistin, ita ce kunne ke ji kamar tsakuwa.

Juriyar fetur ga irin wannan fashewa ita ake aunawa da lambar okten. Fetur mai lamba babba ya fi jure matsi. Neman wannan juriya ce ta sa a 1921 injiniyoyin kamfanin General Motors na Amurka suka gano cewa zuba sinadarin dalma a fetur yana kashe ƙarar. Duniya ta shafe shekaru tana shaƙar gubarsa, sai a 2021 aka daina sayar wa motoci irin wannan fetur gaba ɗaya, bayan Aljeriya, wadda ita ce ta ƙarshe, ta ƙarar da nata.

Akwai wani ruɗani da ke samun masu motocin da aka shigo da su daga Amurka. Littafin motar kan ce a sha fetur mai lamba 87, amma ma’aunin Amurka daban yake da wanda ake amfani da shi a Turai da Afirka. Lamba 87 ta can tana daidai da kusan 91 a ma’aunin nan. Motar da aka rubuta mata “Premium” a murfin tanki kuwa tana neman abin da ya fi haka, ga shi a galibin gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ne a famfo, babu zaɓi. Irin waɗannan motoci su suka fi saurin kokawa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri.

Idan ƙarar ta fara ne jim kaɗan bayan an sha mai, musamman a wurin ’yan bumburutu, ba sai an je da nisa ba. Jarkar da aka taɓa zuba dizal ko kananzir a ciki ta isa ta ɓata fetur, domin su biyun ba su da juriyar matsi ko kaɗan. Idan ƙarar ba ta yi tsanani ba, cika tanki da mai daga wani gidan kan rage ta. Idan ta yi yawa, gara a juye tankin.

Ba kowane gurɓataccen fetur ne ke aiki ta wannan hanya ba. A watan Fabrairun 2022, kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da kima, abin da ya jawo dogayen layuka a Abuja da Legas da sauran birane. Shi methanol lambar okten ɗinsa babba ce. Ɓarnarsa ita ce yana jan ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafan hanyar mai, don haka motar da ta sha shi famfon mai da nozul ɗinta ne abin dubawa.

Masu motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG suna da gwaji a hannu da sauran ba su da shi. Gas ya fi fetur jure matsi nesa ba kusa ba. Idan ƙarar tana fita a kan fetur, aka juya zuwa gas ta ɓace a hawa ɗaya da nauyi ɗaya, to matsalar ta ƙonewar mai ce, ba ƙarfe ne ya cinye ba.

Idan ba laifin fetur ba ne

Sau da yawa fetur kan sha zagin da ba nasa ba. Duk abin da zai ƙara wa cikin silinda zafi zai iya kawo wannan ƙara, ko da man mai kyau ne.

Na gaba-gaba shi ne hanyar ruwa. Lagireto da ya toshe da tsatsa, fanka da ba ta tashi a kan lokaci, murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, duk suna barin injin da zafin da ya wuce misali. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗura wa lagireto yana barin dauɗa a cikin siraran bututunsa, shi ya sa masu ƙera motoci suka ce a yi amfani da ruwan sanyaya injin na musamman. Kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto injin na da zafi, mutane da yawa sun ƙone ta haka.

A nan ne ake yin gyaran gangar Abzinawa. Da zarar mota ta sauka daga Kwatano ko Legas, shawarar farko da akan ba mai ita ita ce a cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa kai-tsaye. Alhali aikin tamostat shi ne riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wato wajajen digiri 90. Idan babu shi, injin kan daɗe bai kai wannan zafi ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur. Man da bai ƙone duka ba ya zama baƙin kunkunniya da makanikai ke kira kabon, ya daskare a kan fistin da bawul.

Kabon ɗin nan illarsa biyu. Yana cinye fili a cikin silinda, matsi ya ƙaru. Yana kuma yin ja kamar garwashi, ya kunna mai kafin fulogi ya yi tartsatsi. Ke nan abin da aka cire don gudun zafi shi ne ya kawo ƙarar bayan watanni. A wasu injina ma, cire tamostat yana buɗe wa ruwa gajeriyar hanya ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba, a gudu ba a tsira ba.

Sai ƙarancin mai. Injin fetur yana son iska kusan kashi 14.7 a kan kowane kashi ɗaya na fetur, a ma’aunin nauyi. Idan famfon mai ya yi rauni, ko filta ta toshe, ko nozul ya yi datti, ko robar da ke kai iska ta tsage tana shigar da iskar da ba a lissafa ba, cakuɗar takan yi ƙarancin mai, ta ƙone da zafi fiye da kima. Ƙurar hunturu da ke liƙe wa na’urar auna iska ma takan sa ta ba kwamfuta lissafin ƙarya.

Fulogi ma ba a barin sa a baya. Kowane injin da lambar fulogin da ya dace da shi, domin wani fulogin ya fi wani riƙe zafi a bakinsa. Wanda ya shiga rami ya ɗauru ba lallai ne shi ne daidai ba, ga kuma jabu da suka cika kasuwa cikin kwali mai kyau. Akwai kuma bawul ɗin EGR da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin injin don rage zafin wuta. Idan kabon ya toshe shi, ko wani ya toshe shi da gangan, ƙarar takan biyo baya.

A tsofaffin motoci masu distiributa, irin su Peugeot 504 da 505 da tsofaffin Golf, taimin ne kan zama sila. Akan murɗa shi gaba da kunne don motar ta yi “kaifi”, sai tartsatsi ya riƙa zuwa da wuri. Da fitilar saita taimin, aikin minti kaɗan ne.

Motocin zamani kuwa suna da kunnen kansu. Wata ’yar na’ura ce da ke ɗaure a jikin injin, tana jin girgizar fashewar tun kafin mutum ya ji, ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta jinkirta tartsatsi. Shi ya sa mai irin wannan mota wani lokaci ba ya jin ƙarar kwata-kwata, sai dai ya ga mota ta yi nauyi, tana shan mai kamar ana bin ta bashi. Idan har ƙarar ta fito fili a motar zamani kuma ta ƙi tafiya, ko dai na’urar ko wayarta ta lalace, ko kuma matsalar ta fi ƙarfin abin da kwamfuta za ta iya gyarawa.

Wani lokacin ma laifin ƙafar direba ne. Tsadar fetur ta koya wa direbobin haya saurin zura giya ta huɗu ko ta biyar mota tana rarrafe, sannan su danne totur. Babu yanayin da ya fi wannan jawo ƙarar. Komawa giya ta ƙasa yakan kashe ta nan take, kuma man da ake ganin an adana bai kai kuɗin ringi ba.

Ɗan ƙyar-ƙyar na daƙiƙa ɗaya ko biyu a hawan tudu ba ya kashe injin. Wanda ke yi kullum kuwa yana fasa gefen fistin inda ringi ke zama, yana ƙona gasket, yana kuma aika duka har ƙasa zuwa kan metal. Da wannan ƙarar ana iya lallaɓawa zuwa gareji da sassauƙar ƙafa, muddin allurar zafi ba ta haura ba. Amma ba a yin makonni da ita.

Wadda ba ta injin ba ce

Kaso mai yawa na ƙarar da ake kai wa makanikai da sunan injin, daga ƙarƙashin mota take.

Idan bugu ɗaya ne, gwaf, lokacin da aka taka totur ko aka saki, ko aka sa giya gaba ko ribas, a fara duba injin sit, wato robobin da injin da giyabos ke zaune a kai. Idan ɗaya ta tsage, injin kan ɗaga ya faɗo duk lokacin da ya yunƙura. A atomatik ana gane ta cikin sauƙi: a buɗe bonet, a danne birki sosai, a sa giya a ɗan taɓa totur, wani na kallo daga gefe. Daga gefe, ba daga gaban mota ba.

Idan kaf-kaf-kaf ce a jere lokacin da aka karya kwana ana ba da wuta, shaf ne, gaɓar da ke kusa da taya. Gaɓar ciki, ta wajen giyabos, takan zo da bugu da karkarwa a miƙaƙƙiyar hanya idan an taka, ta lafa idan an saki. Kusan kullum labarin daga robar shaf yake farawa. Ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ita ke jawo sayen shaf sukutum. Motocin da ke ja da baya, irin su Hilux da bas ƙirar Hiace, gaɓoɓin farfela ne ke yi musu haka.

Salansa da ta saki, ko farantin da ke kare jikin mota daga zafinta, ko abin tace hayaƙi da ake kira indomi idan ya farfashe a ciki, su ma suna kwaikwayon ƙarar tsakuwa har su ruɗi ƙwararre. Dukan salansa da tafin hannu bayan ta huce ya isa ya tona asirinsu.

Wadda ake kashe mota saboda ita

Ƙarar da ta cancanci tsoron da ake yi wa kalmar nokin mai nauyi ce, ƙwal-ƙwal-ƙwal daga can ƙasan injin, kamar ana dukan ƙarfe da guduma a cikin ɗaki. Tana fita ko mota na tsaye, tana bin gudun injin, kuma takan ƙaru idan injin ya yi zafi, lokacin da baƙin mai ya tsinke.

Kowane fistin yana haɗe da karanshaf ta wani hannun ƙarfe da ake kira konrod. A mahaɗarsu akwai wasu siraran ƙarafa masu siffar rabin zobe, su ne metal. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma baƙin mai ne ke cike ta, ta yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe ko da injin na juyawa sau 3,000 a minti. Ranar da man ya yanke, ko na ɗan lokaci ne, metal ya fara cinyewa. Tazarar ta buɗe, konrod ya riƙa dukan karanshaf a kowane zagaye.

Abubuwan da ke kai injin ga haka sanannu ne: mota tana shan baƙin mai ba a duba gejin, an wuce lokacin juye da nisa, an sayi jabun mai ko filtar banza, ko an bugi kaskon mai na ƙasan injin a kan dutse ya lotsa. Ruwa ma yana yi. Motar da ta kutsa cikin ambaliya ta zuƙi ruwa ta hanyar iska takan lanƙwasa konrod, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska.

Jar fitilar nan mai hoton buta da ke kan dashbod ba tunatarwa ba ce cewa mai ya ragu. Ba ta kamawa sai ƙarfin tura man ya faɗi ƙasa warwas. Idan tana ƙiftawa a sulo bayan injin ya yi zafi, ga kuma wannan ƙara, babu maganar “bari in ƙarasa”. A gangara gefe, a kashe, a nemi abin ja. Kuɗin janwe ba ya kama ƙafar kuɗin injin. Konrod da ya tsinke yakan fasa bulok ya leƙo waje, daga nan kuma babu sauran gyara.

Duk da haka, ko a wannan mataki akwai abin da ya kamata a gani da ido kafin a sauke injin. Makanikai kan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin injin su kara kunne a ƙotarta don gano inda bugun ya fi ƙarfi, kuma mai wannan aiki ya yi nesa da fanbel, ya naɗe hannun riga. Sukan cire wayar nozul ko ta koyil ta kowace silinda ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka kashe ƙarar ta ragu, a nan ciwon yake. Akwai agogon auna ƙarfin mai da ake ɗaurawa a gurbin na’urar fitilar. Sannan a juye man a faranti mai tsabta a fito da shi rana, a kuma yanka filta a duba. Idan ana ganin ƙyalli kamar garin zinare ko na azurfa, metal ne ya narke a ciki.

Amfanin wannan bincike shi ne akwai masu kama da ita. A motar atomatik, farantin da ke haɗa injin da giyabos idan ya tsage ko notinsa ya kwance, ƙararsa kamar ta metal take, har an sha sauke injin lafiyayye saboda shi. Fistin da ya ɗan yi sako-sako yakan yi ƙara da safe ya yi shiru idan injin ya ɗumama, kuma mota kan yi shekaru a haka. Tak-tak-tak mai sauri daga saman injin kuwa yawanci ta bawul ce.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne maganin da aka fi bayarwa: a zuba mai mai kauri. Injin da littafinsa ya ce 5W-30 ko 0W-20, sai a ɗura masa 20W-50, a ƙara da wani mai yauƙi kamar zuma. Ƙarar takan lafa na ɗan lokaci, domin kaurin ya cike gibin, amma metal da ya cinye ba ya tohowa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Mai shirin sayen mota ta hannu ya riƙe wannan: kada ya wadatu da jin injin da sanyi, ya bari ya yi zafi sosai, ya zaro gejin mai ya ga kaurinsa.

Kafin a kwance noti

Duk motar fetur da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na’urar bincike, kuma motocin Turai sun bi sahu daga farkon shekarun 2000. Lambobin da take fitarwa suna nuna hanya. P0325 tana nuni ga na’urar jin ƙara ko wayarta, P0171 ƙarancin mai a cakuɗa, P0401 hayaƙin EGR ba ya wucewa yadda ya kamata, P0300 kuma wuta na tsallake.

Lamba dai ba hukunci ba ce. Tana faɗin inda kwamfuta ta ga abin da bai yi mata ba, ba ta faɗin abin da za a saya. Goge lambar don fitila ta mutu ba gyara ba ne. Kuma kwamfuta ba ta ganin metal, ba ta ganin shaf, ba ta ganin injin sit, don haka “kwamfuta ba ta nuna komai ba” ba shaidar lafiya ba ce.

Mai mota yana da haƙƙin ya tambaya, cikin mutunci: “Oga, me ka gani da ya sa za a sauke? Nuna min.” Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Zai nuna man, ya nuna agogon, ya kashe silindar a gaban mai ita. Yana da kyau kuma a ce a ajiye duk abin da aka cire.

Idan ta tabbata metal ne kuma an tsaya da wuri, ba lallai sai an sayi wani injin ba. Ana auna karanshaf. Idan ya yi zane, a kai wa masu gurza shi su rage milimita 0.25 ko 0.50, abin da makanikai ke kira 010 da 020, a sa metal mai kaurin da ya dace da sabon awon. Notocin konrod da sifana mai awo ake ɗaure su, ba da ƙarfin damtse ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne neman abin da ya yanke man tun farko. Garin ƙarfen da ya narke yana maƙalewa a hanyoyin mai, sai an wanke su tas. Famfon mai yana buƙatar awo. A ƙasan injin kuma akwai ’yar rariya da famfon ke zuƙo mai ta cikinta. Sau da yawa idan aka buɗe, abin da ake tararwa ya toshe ta shi ne guntattakin gam ɗin da aka lafta wa kaskon mai a wani gyaran da ya gabata, ya matso ta ciki ya gutsuttsure. Idan ba a tsabtace rariyar ba, sabon metal ɗin ma ’yan makonni zai yi.